Wuƙar Da Ke Kicin Ɗinki

Yau dai ba labarin soyayya na kawo muku ba, maganar wuƙa ce, wuƙar kicin wadda ake yanka albasa da kuɓewa da ita. Na san wata za ta taɓe baki ta ce, "Wuƙa kuma? Duk abin da ke damun mata a rasa na rubutawa sai wuƙa?" To ki yi mini haƙuri ki biyo ni a hankali. Ki tuna jeren wata amarya da kika sani. An ƙirga kwanuka an ƙirga kuloli, an goge kabad, an yi gardama a kan labule har wasu suka daina gaisawa, amma wa ya tambayi wuƙa? Sai ranar da amarya za ta fara girki ake tunawa, a aiki yaro bakin titi ya sayo duk wadda ya samu. Alhali kuwa kwanukan nan wasu sai su shekara goma ba a ci abinci a cikinsu ba, ita kuwa wuƙa tana hannunki safe da rana da dare. In mai kyau ce ta rage miki aiki, in ta banza ce ta cinye miki lokaci, ta cinye kuɗin cefane wajen sake saye, wata rana ma ta zame daga kan tumatir ta sauka a yatsa.

Abin da ya sa na ce sai mun bi tarihinta, a ganina mace ba za ta iya zaɓen wuƙa a kasuwa ba sai ta san irin ƙarfen da aka yi ta da shi, shi kuwa ƙarfe asalinsa ne ke faɗin halinsa. Kuma mu mutanen Samaru da Sabon Gari ba sai mun yi nisa ba, tarihin nan a ƙarƙashin ƙafarmu yake.

A shekarun 1970 malaman tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da wani Bature mai suna John Sutton, sun yi tono a yammacin Samaru, wajen kwarin Kubanni. Abin da suka samu shi ne kufan wuraren narkar da tama: ragowar murahun yumɓu, da bututun da iska ke bi ta shiga wuta, da tarin kashin maƙera. Da aka auna shekarunsu sai aka tarar sun haura shekara 1,000. Wato tun kafin a haifi Sarauniya Amina, tun kafin a zagaye birnin Zariya da ganuwa, akwai mutane a nan inda muke ɗibar ruwa muna shanya, suna dafa dutse ya zama ƙarfe. Haka aka samu irin wannan a Dutsen Dala a Kano, nasu ma ya haura shekara dubu. In kika gangara kudu kuwa, a Taruga kusa da Abuja, an samu murahun mutanen Nok waɗanda suka wuce shekara 2,000. Saboda haka duk wanda ya ce miki Bature ne ya koya mana ƙarfe, ki ce masa ya sake bincike.

Aikin kuwa ba wasa ba ne. A daji ake yi, ba a cikin gari ba. Sai an haƙo tama, an sare itatuwa masu tauri irin su ƙirya an ƙona gawayi, an gina murhu, sannan a jera tama da gawayi hawa-hawa a kunna wuta, a yi ta tsaronta dare da rana. Bayan duk wannan wahala abin da za a ciro wani curin ƙarfe ne mai datti, sai an kai shi maƙera an yi ta duka kafin ya tsarkaka. Daga cikinsa za a fitar da fartanya da garma da gatari da lauje da kibiya da takobi, abin da ya rage a yi wa mata wuƙa. Kin ga kuwa dole ƙarfe ya yi daraja. A wancan zamani mace ba ta jefar da wuƙa. In ƙota ta karye a sake wata, in baki ya cinye a kai wa maƙeri ya sake bugawa, in ta ƙare gaba ɗaya ya haɗa guntun da wani ya fitar da sabon abu. Har yau in kika shiga maƙera za ki ga kayan aikin nan na kaka da kakanni: uwar maƙera, da masaba, da awartaki, da yaro yana zuga. Wasu sun bar zugazugin fata sun koma na juyawa da ƙafar keke, amma aikin shi ne dai. Maƙeran baƙi ke nan, masu ƙarfe. Su maƙeran fari nasu aikin azurfa ne da tagulla, su ne na 'yan kunne da warwaro, kuma in za mu faɗi gaskiya mu mata mun fi sanin hanyar gidansu.

Darajar nan ta ƙarfe ce ta sa wuƙa ta shiga al'adunmu har inda ba girki. Waccece a cikinmu ba ta taɓa ganin an ajiye wuƙa a kan jariri wajen kansa ba, ko maijego ta riƙe ta in za ta zagaya bayan gida? Tsofaffi sun ce ƙarfe na korar iska. Malamai sun daɗe suna hana wannan, suna cewa addu'a ce tsari, kuma gaskiyarsu. Ni dai abin da na ɗauka a ciki shi ne yadda kakanninmu suka riƙi wuƙa da girma, har suka ba ta gadin abin da suka fi so a duniya.

Daga nan sai Turawa suka zo. Sun shiga Zariya a 1902, a 1903 suka naɗa Aliyu ɗan Sidi sarki bayan sun cire Kwasau. Amma abin da ya canja kicin ɗin mace ba bindigarsu ba ce, jirgin ƙasa ne. A 1911 dogo ya iso Zariya ya wuce Kano. Ba a jima ba aka ja wani ƙaramin layi daga Zariya zuwa ƙasar Jos saboda kuza, daga baya kuma aka ja na Gusau da Ƙauran Namoda. Zariya ta zama mararraba. Ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu, Yarbawa da Nufawa da Ibo, aka ware musu wuri kusa da tasha, shi ne Sabon Gari. Kamfanonin Turawa irin su John Holt da Paterson Zochonis suka kafa kantuna suna sayen auduga da gyaɗa da fata, suna sayar da atamfa da gishiri da kananzir da kwanuka da kayan ƙarfe. Ke da kike cewa ɗan acaɓa ko mai Keke ya sauke ki a PZ, sunan wancan kamfani na biyu kike kira ba ki sani ba.

To jirgin da ya kawo atamfa shi ya kashe narkar da tama. Wa zai kwana a daji yana hura wuta bayan ga ƙarfe nan a banza? Ga guntayen dogo, ga ƙusoshin layi, ga gangar mai, ga langa-langa da ake ɗaure dilar kaya da ita, daga baya kuma motoci suka yawaita aka samu sifirin da gatarin mota. A hankali masu narkar da tama suka ajiye aikin, 'ya'yansu ba su gada ba, yau kuwa da wuya ki samu wanda ya taɓa gani da idonsa. Amma maƙeri bai mutu ba, shi ma dai ya huta, ya koma sayen tsohon ƙarfe. A nan ne wuƙar Hausa ta rabu gida biyu, kuma wannan rabuwar ce nake so ki riƙe, domin har gobe ita ce a kasuwa.

Akwai ƙarfe mai taushi, irin na ganga da langa-langa da rodin gini. Shi wannan yana da sauƙin bugu, maƙeri zai fitar da wuƙa goma kafin azahar, shi ya sa take araha. Sai dai duk yadda aka wasa ta ba ta riƙe kaifi, ki yanka alayyahu ɗauri biyu ta dakushe, in kika matsa mata ta lanƙwashe ta zauna a lanƙwashe. Akwai kuma ƙarfe mai tauri, irin na sifirin mota da tsohon magagari da zarto. Bambancinsu wani sinadari ne da ake kira kabon, shi ne dai abin da ke cikin gawayi. Ƙarfen da ke da shi daidai gwargwado, in maƙeri ya gasa shi ya yi ja, ya tsoma a ruwa ko a baƙin mai, sannan ya ɗan sake ɗumama shi don kada ya yi ƙarfin da zai tsage, to ya zama abin da zai yi kaifi kamar aska kuma ya daɗe bai dakushe ba. Wannan tsomawar ita ce sirrin sana'ar. Maƙera biyu za su ɗauki sifirin ɗaya, na farko ya ba ki wuƙar shekara ashirin, na biyu ya ba ki wadda za ta ɓalle a ƙashin kaza. Aibin wannan ƙarfe ɗaya ne, tsatsa. Ki bar shi da ruwa ki je ki yi salla ki dawo, ya fara ja. Ki yanka lemon tsami ko tumatir, ya yi baƙi.

Maganin tsatsar nan daga Ingila ya fito. A garin Shafil, wanda ya yi suna da ƙera wuƙaƙe tun ɗaruruwan shekaru, wani mai suna Harry Brearley yana neman ƙarfen da zai jure a bakin bindiga, a 1913 ya haɗa ƙarfe da wani sinadari da ake kira kuromiyom, kusan kashi 13 cikin 100, sai ya lura abin ba ya tsatsa. Ikon Allah, ana neman na yaƙi sai aka samo wa mata na girki. Wannan ita ce farar wuƙa, wadda 'yan kasuwa ke ce wa sitenles. Jamus ma suna da nasu garin maƙera, Solingen, daga can ne aka fara yin wuƙar nan mai naɗewa ta Okapi a 1902, musamman don a sayar a Afirka, kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Ita dai wuƙar aljihun maza ce, ta fatake da direbobi, amma gidaje nawa ne aka fere doya da ita in maigida ya manta ta a kan tabarma?

Farar wuƙa ba ta shiga gidan talaka da wuri ba. Ta fara zama ne a gidajen Turawa da manyan ma'aikata, kuma a nan Samaru ta samu wurin zama sosai. Tun 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, a 1962 kuma aka buɗe jami'a, sai garin ya cika da malamai daga ƙasashe iri-iri, kowa da kukunsa da boyinsa. Kukun nan su suka fara fito da labarin cewa akwai wuƙar burodi daban, ta nama daban, ta fere dankali daban. In Bature zai koma ƙasarsu ya yi gwanjon kayansa, ko ya bar wa kuku. Akwai wata tsohuwa a unguwarmu, mijinta ya yi aikin kuku, tana da wata wuƙa mai baƙar ƙota da ƙusa uku, wasawa ta cinye ta har ta koma siririya kamar tsinken tsire. Ba ta ba da aronta ko ga 'yar cikinta. In ana biki sai dai ta zo da abarta a ƙulle a gefen zane, ta yi yankan da za ta yi, ta wanke ta goge ta mayar. Muna yara muna yi mata dariya, Allah Sarki, Allah ya jiƙanta.

Sai zamanin kuɗin mai. Naira ta maye gurbin fam a 1973, Udoji ya zo ma'aikata suka sha ariyas a 1975, kowa ya ruga kanti. A lokacin naira ta fi dalar Amurka daraja, saboda haka kayan waje ya yi araha, har mace ta fara jin kunyar a ga baƙar wuƙar maƙera a kicin ɗinta, wai ƙauyanci. Gwamnati kuma ta ce za mu yi namu ƙarfen. Aka ba Rashawa kwangilar Ajakuta a 1979, aka gina masana'antun murza ƙarfe a Katsina da Jos da Oshogbo. Ajakuta dai shekara ta haura 40 ba a kai ga narkar da tama a babban murhunta ba. Abin yana ba ni mamaki in na tuna: mutanen kwarin Kubanni da yumɓu da gawayi sun fitar da ƙarfe, mu da injiniyoyi da biliyoyin kuɗi mun kasa, har wuƙar yanka albasa sai an ɗauko mana a jirgin ruwa.

Daɗin bai daɗe ba. Shagari ya kawo tsuke bakin aljihu a 1982, Babangida ya kawo SAP a 1986. Naira da take kafaɗa da kafaɗa da dala, kafin ƙarshen wannan shekarar sai da ta koma wajen naira 3 zuwa 4 a dala ɗaya. A zamanin Abacha farashin gwamnati naira 22 ne, na kasuwa ya haura 80. A 2024 kuwa dala ta tsallake naira 1,500. Duk lokacin da naira ta faɗi, ɗan kasuwar da ke shigo da kaya dabara ɗaya yake yi: ya san kuɗin da ke hannun uwargida bai ƙaru ba, sai ya nemo wadda ta fi ta jiya araha, ƙarfe ya ƙara siranta, ƙota ta koma roba maras nauyi. Ta haka wuƙar Shafil da ta Jamus suka ɓace daga teburan Sabon Gari, ta Sin ta cika ko'ina. Kada ki ce na ce duk kayan Sin na banza ne. Suna da gari guda, Yangjiang, wanda aikinsa ke nan, wuƙa da almakashi, suna yin mai tsada suna yin mai araha, kowa da abin da ya yi oda. Laifin na mai odar ne da ya ce a yi masa ta ƙarshe, a kuma buga mata sunan Jamus ko Japan a jiki. Shi ya sa rubutun da ke jikin wuƙa ba shaida ba ne, tawada ce kawai. Akwai kuma na Barazil irin su Tramontina, kamfanin da shi ma daga 'yar maƙera ya faro a 1911, nasu na tsaka-tsaki ne, in kin dace da na ainihi.

To yanzu ga ki a kasuwar Sabon Gari da 'yan kuɗinki a ƙulle, ga wuƙaƙe nan jere suna ƙyalli, wuƙa da nama kuma suna hannunki. Yaya za ki yi?

Ki fara da tuna yadda muke yanka. Yawancinmu ba a kan katako muke yi ba, a hannu muke yi. Ki dunƙule alayyahu ko kabeji a hagu ki riƙa zarga wuƙa, ki riƙe kuɓewa ki tsaga ta ki yayyanka a kan yatsa, albasa ma haka. Wuƙar da aka yi wa kukun Turai mai faɗi da nauyi, don sara a kan katako aka yi ta, in kika ɗauke ta ki yi irin namu yankan, wuyan hannunki zai gaya miki kafin miya ta nuna. Saboda haka wuƙar kullum ta zama marar nauyi, mai siririn baki, tsawonta kada ya wuce taƙi ɗaya ban da ƙota. Ita ce za ki fi kashe wa kuɗi, don ita ce abokiyar zamanki. Sai 'yar ƙarama ta fere doya da dankali da cire idon abarba. Sai kuma mai kauri ta ƙashi da kaza da kifin ƙanƙara, wannan kam ta maƙera ta fi, ko ƙaramar adda. Uku ke nan, sun ishe ki har ki aurar da 'ya. Wancan jerin da ake sayarwa guda shida ko goma sha biyu a cikin katako mai ramuka, haba 'yar uwa, ado ne. Biyu za ki yi amfani da su, sauran su yi ta tara ƙura da kyankyasai, kuma kuɗin da aka raba wa wuƙa goma sha biyu kin san babu wadda ta samu ƙarfen kirki.

In kin ɗauki wuƙa, kada ƙyalli ya ruɗe ki, ƙota za ki fara dubawa. Yawancin wuƙaƙen da ke mutuwa a gidajenmu ba baki ne ke ƙarewa ba, ƙota ce ke rabuwa da ƙarfe. Ki duba ko ƙarfen ya ratsa cikin ƙotar har ƙarshe, ana ganinsa ta gefe, an kuma ɗaure da ƙusa biyu ko uku. Wadda aka ɗan cusa wa guntun ƙarfe a cikin roba, wata biyu ta fara girgiɗi, ruwan nama ya riƙa shiga ramin yana wari. Wasu ma ƙusoshin na ƙarya ne, fenti ne aka ɗiga, ki sa farce ki ji. Sannan ki ɗan lanƙwasa bakin kaɗan a gaban mai kaya. In ya dawo daidai da kansa, ƙarfen yana da rai. In ya zauna a karkace, ajiye masa abarsa ki yi gaba. Ki ɗaga ta saitin ido ki hango tsawonta ko a miƙe take. Mai haƙora irin na zarto kuwa, tana da daɗi a makon farko, amma ranar da ta dakushe ta gama, domin ba ta wasuwa a dutse, burodi kaɗai ta dace da shi. Kuma in kina da haƙurin tona kaya, ki leƙa wajen 'yan gwanjo. A cikin tarkacen cokula akan dace da tsohuwar wuƙar Turai ta ainihi, ta dakushe ta yi datti, mai kayan ma bai san darajarta ba, wasawa ɗaya take nema.

Game da wuƙar maƙera, shawarar da zan ba ki ita ce ki kalli hannun mahauta. Mutumin da ke yanka tun asuba har la'asar, da mai tsire, da mai kilishi da ke shimfiɗa nama ya yi siriri kamar takarda, ba za su riƙe wuƙar banza ba, kuma in kin lura da yawansu baƙar wuƙa ce a hannunsu, da ɗan ƙarfen wasawa a gefe. Ki sa maigida ko yaronki ya tambayi mahaucin da kuke sayen nama wurinsa wane maƙeri ke yi masa. In an je, a ce ta sifirin ake so, a faɗi tsawo, a ce a fitar da bakin siriri na yankan ganye, a kuma yarda a biya abin da ya fi na kan tebur. Araha ba ta ado, Hausawa suka ce. Ki yi lissafi da kanki: wadda za ki saya sau huɗu a shekara da wadda za ki saya sau ɗaya ki manta, wacce ce mai tsadar? Kuma kuɗin nan a garinku zai zauna, wurin mutumin da in ƙota ta karye za ki iya mayar masa.

Amma fa in kin san ke mai barin wanke-wanke ne ya kwana a cikin ruwa, ko yara ne ke yi miki, to ki sayi fara ki huta, babu abin kunya a ciki. Baƙar wuƙa tana son a wanke ta da an gama, a goge ta bushe, a ɗan shafa mata man gyaɗa in za ta kwana biyu ba a taɓa ta ba, musamman da damina. Baƙin da take yi ba datti ba ne, shi ma yana ɗan kare ta. Jar tsatsa ce abin gudu, ita kuma toka da soson ƙarfe suna fitar da ita.

Saura wasawa, wadda ita ce rabin wuƙa. Mata da yawa suna tsoron wuƙa mai kaifi, alhali dakusasshiya ta fi yanka mutum, don sai kin danna da ƙarfi, in ta zame kuwa da duk ƙarfin nan za ta same ki. Iyayenmu a kan dutsen niƙa ko bakin turmi na dutse suke wasawa, da aka daina niƙa a gida sai aka koma goga wuƙa a dandamalin siminti ko bakin rijiya, wannan kuwa cin ƙarfe yake yi ya bar baki da zazzago. Ki nemi ɗan dutsen wasawa, yana nan wajen masu kayan kafinta, gefe ɗaya mai kaushi ɗaya mai laushi. Ki jiƙa shi da ruwa, ki kwantar da wuƙar ki ɗan ɗaga bayanta kaɗan, ki riƙa turawa kamar mai son fere dutsen, adadin da kika yi a wannan gefe ki yi a wancan. In babu dutse, ki kifa kofin tangaran, da'irar nan ta gindinsa marar santsi tana tayar da kaifi. Masu wasawa da inji suna da sauri, amma ki tsaya a kansu. In kika ga tartsatsi na tashi har bakin wuƙar ya yi shuɗi, to zafi ya warware tsomawar da maƙeri ya yi, daga ranar ba za ta ƙara riƙe kaifi kamar da ba. Ki ce ya riƙa tsomawa a ruwa yana yi a hankali. Sannan a daina yanka a kan tire na ƙarfe ko farantin tangaran, a daina buɗe gwangwanin tumatir da tsinin wuƙa, don Allah. Guntun katako mai kauri daga wurin kafinta ya wadatar. In kin gama kuma kada ki jefa ta cikin kwandon cokula inda yaro zai zura hannu, ki sama mata wuri a sama.

Akwai lokaci guda a shekara da duk garin ke tuna wuƙa, wato Babbar Salla. Addini ma ya yi umarni a wasa wuƙa sosai kafin yanka don a hutar da dabba, kuma kada a wasa a gabanta. Ana saura kwana biyu ko uku za ki ga teburan wuƙa sun fito ko'ina, daga Sabon Gari har bakin titin Samaru, farashi ya hau, maƙera kuma aiki ya yi musu yawa suna bugawa da gaggawa, a irin wannan lokaci ne wuƙar ganga ke shiga cikin ta sifirin ba a gane ba. In za ki yi oda wurin maƙeri ki yi tun watan Shawwal ko farkon Zulƙida, lokacin da yake da sararin tsayawa a kan aikinki. In kuwa ta kanti ce, ki bari sai bayan Salla da mako biyu, sa'ad da mai kaya ke neman wanda zai rage masa abin da ya yi kwantai.